Mas'alar Barin Kwal A Afirka Ta Kudu

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin shugabannin duniya a wannan zamani, ita ce maganar barin kwal. Kwal shi ne baƙin dutsen nan da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, yana kama wuta kamar gawayi, amma ya fi gawayi zafi da daɗewa. Da shi jirgin ƙasa ya riƙa tafiya daga Ikko zuwa Kano a zamanin Turawa, kuma da shi ƙasashe da yawa suke samun lantarki har yau. Yadda ake yi kuwa shi ne, a niƙa kwal ya zama gari, a hura shi cikin wuta a ƙarƙashin wata babbar tukunya, ruwa ya tafasa ya zama tururi, tururi ya juya inji, inji ya haifi lantarki. Ba a nan aibin yake ba. Aibin yana ga abin da ke fita ta dogon bututun da ke saman tasha.

Ya kamata mai karatu ya sani hayaƙin nan iri biyu ne. Akwai wanda ido ke gani, hanci ke ji, mai toka da warin farar wuta, shi ne ke jawo tari da ciwon ƙirji ga maƙwabtan tasha. Akwai kuma wanda ba a gani, ba shi da launi ba shi da wari, shi ne masana ke ce wa iskar kabon. Abin mamaki a nan shi ne, in an ƙone tan guda na kwal, iskar da za ta fita takan kai wajen tan 2, domin ƙwayar kwal takan haɗu da iskar sarari kafin ta tashi, sai nauyi ya ƙaru. Kuma iskar nan ba ta bajewa kamar hayaƙin murhu. Takan taru a sama shekaru ɗaruruwa, ta zama kamar bargo, zafin rana ya shigo, fitarsa ta yi wuya. Masana na gabas da na yamma sun yi ittifaƙi a kan wannan, har ƙasashe kusan 200 suka ƙulla alkawari a birnin Paris a 2015 kan za su rage ta. Bargon nan kuwa ba ya rufe waɗanda suka saƙa shi su kaɗai. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar nan ba, amma manomin Damagaram da makiyayin Gumel suna cikin waɗanda damina ta rikice wa, wata shekara fari, wata shekara ambaliya.

To, saɓanin da ke tsakanin mutane ba a kan a rage ko kada a rage ba ne. Saɓanin yana ga ƙasar da talakawanta suka yi yawa, kuma abincinta da hasken fitilarta duk suna rataye da kwal. Ta ina za ta fara, me za ta gabatar, me za ta jinkirtar, kuma wa zai biya? Mas'ala irin wannan ba a warware ta da ƙiyasi a zaure, sai an dubi ƙasar da ta taɓa ta ji. Babu kuwa misalin da ya fi Afirka ta Kudu.

Ƙasar nan ita ce ta fi kowace ƙasa a Afirka fitar da iskar kabon, domin wajen kashi 80 cikin 100 na lantarkinta daga kwal yake. Kamfanin gwamnati mai suna Eskom, wanda aka kafa tun 1923, shi ke riƙe da tashoshin, kuma yawancinsu suna cunkushe a lardi guda, watau Mpumalanga, gabas da Johannesburg, inda aka riƙa gina tasha a bakin ramin kwal don a huta da kuɗin dako. Akwai gari a can sunansa eMalahleni, ma'anarsa da harshen mutanen wurin ita ce wurin kwal. Masu aikin haƙa sun kai mutum 90,000, kowannensu kuwa da bakunan da yake ciyarwa, ban da direbobin manyan motoci, da masu sayar da abinci a ƙofar ma'aikata, da masu ba da hayar ɗakuna. A ƙasar da mutum ɗaya cikin uku na masu neman aiki bai samu ba, wanda ya ce a rufe ramin kwal ya taɓa tukunyar tuwon gari guda.

A watan Nuwamba na 2021, a taron da aka yi a birnin Glasgow, Ingila da Amurka da Faransa da Jamus da Tarayyar Turai suka yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5, biliyan kuwa miliyan dubu ke nan, domin ta rabu da kwal ba tare da an cuci talaka ba. Aka yi ta tafi da yabo. Za a komo kan lissafin kuɗin nan. Amma tun da fari a dubi abin da ya biyo baya a wani ƙaramin wuri da ake kira Komati, gama a nan ne darasin yake.

Komati tsohuwar tasha ce da aka gina a farkon shekarun 1960. Ƙarfinta a zamanin ƙuruciyarta megawat 1,000 ne, megawat kuwa shi ne mudun da ake auna ƙarfin tasha da shi. A ranar 31 ga Oktoba, 2022, aka kashe injinta na ƙarshe. Rufe ta ba laifi ba ne, ta tsufa, inji guda ne ma kaɗai ya rage yana aiki. Laifin yana ga tartibi. Bankin Duniya bai amince da dala miliyan 497 da za a mayar da wurin tashar hasken rana da iska da batura ba sai a watan Nuwamba, bayan an riga an rufe ƙofa. Ma'aikatan Eskom na dindindin ba a kore su ba, an rarraba su wasu tashoshi ko an bar su suna tsaron wurin. Amma leburorin 'yan kwangila, da mai tuƙa motar kwal, da matar da ke dafa musu abinci, da mai gidan haya, waɗannan ba sunansu a littafin kamfani, saboda haka ba wanda ya lissafa su. Hukumar da shugaban ƙasar ya kafa kan sha'anin yanayi ta je ta bincika, a 2023 ta fitar da rahoto, ta ce an makara wajen shiri, kuma an makara wajen shawartar mutanen gari. Tun daga nan, duk wanda ya je wani garin kwal da maganar sauyi, abin da akan fara ce masa shi ne ya je ya ga Komati. Gaggawar rufe tasha guda ta sa an rasa amincewar lardi guda, ita kuwa amincewa ta fi megawat 1,000 wuyar mayarwa.

Wannan ba baƙon labari ba ne ga mutanen Nijeriya. An gano kwal a Udi a 1909, saboda shi Inugu ta zama birni, saboda shi aka ja dogo zuwa Fatakwal, kuma masu haƙarsa 21 ne 'yan sandan Turawa suka harbe a Kwarin Iva a 1949. A ƙarshen shekarun 1950 ana haƙo wajen tan 900,000 a shekara. Da jirgin ƙasa ya koma shan man dizal, fetur ya bayyana, yaƙin basasa ya biyo, sai ramukan suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani ya tanadi abin da masu haƙa za su koma ba. Nijeriya ta bar kwal ba da niyya ba, kuma ba ta sami lantarkin da ya maye gurbinsa yadda ya kamata ba. Barin kwal kawai ba shi ne nasara ba ke nan.

Abin da ya rage hayaƙi da gaske a Afirka ta Kudu ba rufe Komati ba ne, wani abu ne dabam wanda bai ci wa gwamnati kuɗi mai yawa ba, watau buɗe ƙofar kasuwa. Tun 2011 gwamnati ta shigo da wani irin gwanjo a juye. Takan ce tana son lantarki kaza daga rana ko iska, kamfanoni su kawo farashi, wanda ya fi sauƙi shi ke ci, ya gina da jarinsa, a riƙa saye daga gare shi shekara 20. Da wannan aka gina fiye da megawat 6,000, kuma farashin lantarkin rana a gwanjon 2021 bai kai rubu'in na gwanjon farko ba. Da an ci gaba ba tsayawa da labarin ya sha bamban. Amma daga 2016 Eskom ya ƙi sa hannu a takardun waɗanda suka ci gwanjo, sai a watan Afrilu na 2018 aka sa. Shekara biyu aka yi jari yana zaune, masana'antun da aka kafa don ƙera kayan aikin wasu suka rufe. Ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa ga mutumin da aka yi ciniki da shi ya ce ya saya, sa'an nan ya ɓace ranar biya: gobe ko ya dawo, farashinsa dabam ne.

Sa'an nan akwai wata doka da ta hana kowa gina tashar da ta wuce megawat 1 sai da lasin, samun lasin kuwa sai wanda ya gani. A 2021 aka ɗaga iyakar zuwa megawat 100, a farkon 2023 aka cire ta baki ɗaya. Wahala ce ta tilasta wannan, ba wa'azin Turawa ba. Daga 2007 ƙasar ta riƙa fama da ɗauke wuta bi da bi, domin tsofaffin tashoshin kwal suna yawan lalacewa, har a 2023 aka ɗauke wuta a kwanaki fiye da 300, wani lokaci wajen awa 10 a yini. Da ƙofa ta buɗe, masu ma'adinai da masu kantuna da manoma da masu gidaje suka yi ta ɗora farantan hasken rana, waɗanda 'yan kasuwa ke ce wa sola, a kan rufi da fili. Bisa ƙididdigar Eskom kansa, abin da mutane suka ɗora da kuɗinsu ya tashi daga wajen megawat 1,000 a farkon 2022 zuwa sama da 5,000 a 2024. Ba wanda ya yi haka don tausayin sararin sama. Kowa ya yi ne don kada firjinsa ya mutu, kada injinsa ya tsaya. Amma duk farantin da ya sha rana da tsakar yini, ya rage kwal ɗin da za a ƙona a Mpumalanga. Daga 26 ga Maris, 2024, aka yi wajen wata 10 ba a ɗauke wuta ba, saboda gyaran da aka yi wa tashoshi, da kuma sauƙin da farantan nan suka kawo da rana. Gaskiya ne wannan ƙofa mai hali ne ke shiga ta, talakan Soweto ba shi da kuɗin faranti, kuma in masu hali suka janye daga Eskom nauyin bashinsa kan talaka zai koma. Wannan ɓaraka ce da tilas gwamnati ta ɗinke. Amma ba a ɗinke ta da mayar da ƙofa a kulle.

Sai babbar mas'ala, wadda ba ta da daɗin faɗi a taro domin ba a yanke mata kyalle, ita ce mas'alar waya. Kwal yana gabas, saboda haka manyan wayoyin lantarki duk daga gabas suka taso. Rana mai ƙarfi kuwa tana yamma, a lardin Kap ta Arewa, wajen kilomita 800 daga Johannesburg, iska mai ƙarfi kuma tana gaɓar teku ta kudu da ta yamma. Wayoyin da ke can sirara ne, an ja su ne don su kai wa ƙauyuka wuta, ba don su ɗauko wa birane ba. A gwanjon 2022 gwamnati ta nemi megawat 3,200 na iska, kamfanoni suka zo da jarinsu a hannu, amma ko ɗaya ba a ba wa ba, domin babu wayar da za ta ɗauki kayan. Wannan daidai yake da a noma gero a cika rumbu a daji, ba hanya ba jaki. Lissafin hukuma ya nuna ana bukatar sababbin wayoyi wajen kilomita 14,000 cikin shekara 10, alhali abin da aka saba ja a shekara bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Tashar rana akan gama ta cikin shekara guda ko biyu. Babbar waya kuwa takan ci shekaru da yawa, domin sai an bi gona gona ana neman izinin kafa turaku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ƙasar da ke son barin kwal, Indiya ce ko Indunusiya ko Biyetnam, in ta sami dala guda ta farko, waya ce ta fi cancanta da ita. A 2024 Afirka ta Kudu ta raba sashen waya da sauran Eskom ta mayar da shi kamfani mai littafinsa, don kada mai tashar kwal ya zama shi ne mai tsaron hanyar da abokin takararsa zai bi. Wannan shawara ce mai kyau, ko da yake ta zo a makare.

In wani ya ce, tun da abin yana da wuya haka, me zai hana a bar ƙasar da kwal ɗinta, ai nata ne, yana ƙarƙashin ƙafarta, sai a ce masa ya dubi Medupi da Kusile. Waɗannan manyan tashoshin kwal ne guda biyu, kowacce wajen megawat 4,800, an fara ɗaya a 2007, ɗaya a 2008, da zaton za a gama cikin 'yan shekaru. Bankin Duniya ma ya ba da rancen dala biliyan 3.75 a 2010, yawancinsa don Medupi. Ba a gama Medupi ba sai 2021, kuma a shekarar nan injinta guda ya fashe. Kusile ba ta cika ba sai 2025. Kuɗin ya ninka abin da aka ƙiyasta, bashin Eskom ya kai wajen rand biliyan 400, har a 2023 gwamnati ta ɗauke masa biliyan 254 ta ɗora wa masu biyan haraji. Saboda haka kwal ɗin da ake cewa mai araha ne, tsohon ne mai araha, wanda aka gama biyan kuɗin gininsa tun zamanin kakanni. Sabo ba shi da araha ko kaɗan. Ban da haka masu ba da rance sun juya masa baya, har ƙasar Sin, wadda ta fi kowa ƙona kwal a gida, ta sanar a 2021 cewa ta daina gina tashoshinsa a ƙasashen waje. Matakin da ya fi kowanne sauƙi ke nan, kuma ba ya korar ko lebura guda: kada a aza harsashin sabuwar tashar kwal, domin wadda aka aza yau sai ta yi shekara 50 tana hayaƙi.

Akwai kuma farashin da ba a rubuta shi a takardar kuɗin wuta. A watan Maris na 2022 babbar kotu a Pretoria ta yanke hukunci cewa ƙazantar iskar da ke yankin tashoshin nan ta keta haƙƙin da tsarin mulki ya ba mazauna. Waɗanda suka kai ƙarar kuwa ba baƙi ba ne, har da ƙungiyar mutanen eMalahleni, 'ya'yan masu haƙa da maƙwabtansu. Sa'an nan ga wata da ta shafi fatake kai tsaye. Tarayyar Turai ta kafa wani sabon kuɗin fito a kan ƙarfe da alminiyam da siminti da taki, ana auna shi da yawan hayaƙin da aka fitar wajen ƙera su. An fara gwajinsa a 2023, ya fara aiki sosai a Janairun 2026. Ko an ce adalci ne ko an ce zalunci ne, kayan da aka ƙera da wutar kwal za su isa kasuwa da tsada. Gwamnatin ƙasar ma ta sa nata harajin a kan hayaƙi tun 2019, ta fara da rand 120 a kan kowane tan, amma ta yi rangwame har kashi 95 cikin 100 ga wasu, sai ya zama haraji a suna. Da ta karɓa a gida ta ja waya da shi, da ya fi a bar Turawa su karɓa a bakin tashar jirginsu.

In kuma wani ya ce, ai rana tana faɗuwa, iska tana kwantawa, da me za a kunna fitila bayan magariba, wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma ba ta da amsa guda. Iskar gaɓar teku sau da yawa takan taso ne lokacin da rana ta yi sanyi. Batura sun yi araha ƙwarai bisa da, suna riƙe wutar rana awoyi kaɗan, daidai lokacin da ake girki da kallo. Akwai kuma dabarar Ingula, a duwatsun Drakensberg, inda ake tura ruwa zuwa tafkin da ke kan dutse lokacin da wuta ta yi yawa, a sako shi ya juya inji lokacin da ta yi ƙaranci. Amma duk da haka, wanda ya ce ƙasar za ta iya kashe tashoshin kwal duka cikin shekara biyar bai faɗi gaskiya ba. Za su zauna tukuna, sai dai aikinsu ya riƙa raguwa, daga mai ɗaukar kaya kullum zuwa mai jiran ko-ta-kwana. Wuri mafi wuya ma ba tashar lantarki ba ce, masana'antar Sasol ce da ke Secunda, inda ake narkar da kwal ya zama fetur, dabarar da gwamnatin wariyar launi ta faɗaɗa lokacin da duniya ta hana ta mai. Tana cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya fitar da iskar kabon daga waje guda, kuma faranti ba ya maganinta.

Yanzu a komo kan kuɗin Glasgow. Da Afirka ta Kudu ta zauna ta yi lissafin abin da take bukata daga 2023 zuwa 2027, sai ya kama rand tiriliyan 1.5, wajen dala biliyan 98. Alkawarin da aka yi ta yabo bai kai ushirin wannan ba. Da aka kwance ƙullin kuma, sai aka tarar kyautar da ke ciki ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, saura duk rance ne da lamuni. Wasu rancen masu sauƙi ne, kamar yuro miliyan 300 da Jamus ta bayar da irinsa da Faransa ta bayar a 2022, kuma ba a raina su. Amma bashi bashi ne. Malamai sun san hukuncin bashi mai ruwa, ba sai an tsawaita ba. Ko ta fuskar lissafi kaɗai aka duba, abin yana da nauyi, ga dalili. Tashar kwal kamar sayen ruwa ne a hannun mai garuwa, kullum ana biya. Tashar rana kuwa kamar haƙa rijiya ce, kuɗin duka a farko yake, bayan nan ruwa kyauta. Saboda haka farashin wutar rana kusan duka farashin jari ne. In kuɗin ruwa ya yi yawa, wuta ta yi tsada, ko da rana ta fi ta Jamus sau biyu. Kuma rancen da dala ne ko yuro, ciniki kuwa da rand, in rand ya faɗi bashi ya kumbura shi kaɗai. Wanda ya taɓa ɗauko kaya bashi da dala ya sayar da naira ba ya bukatar sharhi.

Masu ba da rancen nan kuwa su ne suka saƙa yawancin bargon. Ingila ta yi shekara 142 tana ƙona kwal don lantarki, ba ta rufe tasharta ta ƙarshe ba sai 30 ga Satumba, 2024. Jamus ta ba kanta wa'adi har 2038, ta kuma ware yuro biliyan 40 don lardunanta masu kwal kaɗai, watau ninki da yawa na abin da ƙasashe huɗu da Tarayyar Turai suka haɗu suka yi wa Afirka ta Kudu alkawari. A 2022 da yaƙin Ukraine ya yanke musu gas ɗin Rasha, sai ga Jamus ta sake kunna tsofaffin tashoshi, ga jiragen Turai sun yi layi a Richards Bay suna lodin kwal ɗin da aka ce a bari. A watan Maris na 2025 Amurka ta janye daga alkawarin baki ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ba a ce su biya kome da kome ba, domin tashar rana da ta iska suna da riba, 'yan kasuwa za su gina su da kansu in an ba su hanya. Abin da ba shi da riba shi ne ke bukatar kyauta: fanshon wanda ya tsufa a rami, koya wa saurayi sabuwar sana'a, cike ramukan da aka bari da tsabtace ruwan da suka ɓata, da riƙe asibiti da makarantar garin da tasha ke ɗauke da su. Ba a cin bashi mai ruwa a biya fansho.

A 2024 aka ɗage rufe wasu tsofaffin tashoshi uku, Camden da Grootvlei da Hendrina, zuwa 2030. Wasu a Turai suka yi fushi. Amma wanda ya ga duhun 2023 ba zai zargi gwamnatin da ta ƙi kashe inji mai aiki ba. Uzurin karɓaɓɓe ne, sai dai yana da sharaɗi, domin jinkiri iri biyu ne, akwai na madugun da ya tsaya a zango don a ɗinke salka a ɗaure kaya, akwai na wanda ba ya nufin tashi, masu kwangilar kai kwal kuwa suna da baki a siyasar ƙasar, kuma kowace shekara aka ƙara ribarsu ce. Ana gane bambancin da abin da ido ke gani. A Hendrina akwai wayoyi manya a kafe, waɗanda tasha za ta bari in ta mutu, akwai fili, akwai masu aikin lantarki da suka ƙware. Ko da yake ranar Mpumalanga ba ta kai ta Kap ta Arewa ba, tana da ƙarfin da ya isa, kuma faranti a wurin da waya take ya fi faranti a wurin da ba ta. Abin da ya wajaba shi ne a fara kafa farantai da batura a gefen tashoshin nan uku tun injinansu suna juyawa, a rubuta sunan kowane leburan ɗan kwangila da shekarunsa da abin da ya iya, a zauna da masu gari da ƙungiyoyin ƙwadago a gaya musu watan da za a kashe kowane inji, sa'an nan in 2030 ta zo kada a sake ɗagawa.